Karen Ne Ya Ari Sunan, Malam

Wani marubuci da nake ganin girmansa, nake kuma bibiyar alƙalaminsa, ya yi rubutu kwanan baya a kan wata ɗabi'a da ya ce ta zama ruwan dare a Amurka da Ingila: ma'aurata su haihu, su ɗauko sunan karensu ko kyanwarsu da ta mutu su raɗa wa jaririn. Malam bai ɓoye takaicinsa ba. A wurinsa wannan ita ce maƙurar lalacewa. Ya ce suna haƙƙin ɗa ne a kan mahaifinsa, kuma duk wanda ya haɗa ɗansa suna da dabba ya tauye wannan haƙƙi. Ya ce Allah ya karrama ɗan Adam, bai dace a jera shi sahu ɗaya da abin da ke tonon bola ba. Ya ce yaron zai tashi abin tsokana a cikin tsaransa, kuma addini bai yarda da haka ba. Sannan ya rufe da gargaɗi: mu shiga taitayinmu, abin yana tafe, wayar da ke hannun 'ya'yanmu za ta shigo mana da shi har tsakar gida.

Maganarsa ta farko babu mai ja da ita. Suna haƙƙin ɗa ne, kuma kaya ne da iyaye ke ɗaurawa, wani ya ɗauka har kabari. Inda muka raba hanya da Malam shi ne duk abin da ya ɗora a kan wannan gaskiya.

Wane suna ake magana a kai tukuna? Wanda ya karanta rubutun Malam zai ɗauka an sami wani Bature ne ya dubi jaririnsa ya ce sunanka Bingo, ko Taiga. Ba haka abin yake ba. Sunayen da ake wannan muhawara a kansu su ne irin su Lucy, Molly, Bella, Charlie, Max da Oliver. Sunayen mutane ne, na kakanninsu da limaman cocinsu da sarakunansu, tun kafin wani ya yi tunanin kiran kare da su. A garin Hartsdale, kusa da birnin New York, akwai maƙabartar dabbobi da aka fara binne karnuka a cikinta tun 1896, lokacin da wani likitan dabbobi ya bar wata mata ta binne karenta a gonarsa ta tufa. Wani masanin al'adun al'umma na Jami'ar California, Stanley Brandes, ya bi duwatsun kaburburan nan yana karantawa, ya wallafa abin da ya gano a 2009. Tsofaffin duwatsun suna ɗauke da sunaye irin na dabbobi zalla, wasu ma babu suna. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai sunayen mutane suka fara yawaita, har aka kai ga ana rubuta wa kare sunan dangin gidan da ya zauna. Ashe ba jariri ne ya je ya ari sunan kare ba. Karen ne ya shigo ya ara, ya daɗe da shi, yanzu masu abu sun zo karɓar abinsu.

Yadda abin ke faruwa ma ba wani sihiri a ciki. Yarinya ta taso tana son wani suna, wataƙila na kakarta ne, wataƙila a littafi ta tsince shi. Tana da shekara ashirin da 'yan kai ta kama haya ita kaɗai, ta samo ɗan kwikwiyo ya ɗebe mata kewa, ba aure a gabanta balle haihuwa, sai ta ba shi sunan da ta fi so. Kare yakan yi shekara 10 zuwa 13 a duniya. A Amurka kuwa matsakaicin shekarun mace a haihuwar fari ya haura 27, da yawa sai sun wuce talatin. Lissafin ai a fili yake: lokacin da karen ke tsufa yana mutuwa, lokacin ne ciki ke zuwa. Sai ta waiwaya ta ga sunan da ta fi ƙauna a duniya ta riga ta kashe shi a kan dabba. Tambayar da take yi wa kanta ita ce, shin sunan ya haramta gare ni ke nan har abada? Malam ya amsa mata da e, ya kuma haɗa mata da tsinuwa. Ni ban ga dalili ba.

Batun tsokana a makaranta shi ne mafi rauni a cikin hujjojin, ba zan daɗe a kansa ba. Hukumar gwamnatin Amurka da ke fitar da jerin sunayen jarirai duk shekara ta nuna cewa a 2022 sunan Luna ya shiga cikin goma na farko a sunayen 'ya'ya mata. A daidai wannan lokaci shi ne kan gaba a jerin sunayen karnuka mata a ƙasar. Wato dubban yara suna amsa sunan da dubban karnuka ke amsawa, ko an yi niyya ko ba a yi ba. A ajin da Max ke zaune kusa da Bella, Charlie yana bayansu, wa zai tsokani wa? Da wane bakin?

Sai maganar karamci, wadda ita ce zuciyar rubutun Malam. A nan ne ya auna hatsin gidan wasu da mudun gidansa. A wurinmu kare maigadi ne ko abokin farauta. A waje yake kwana, ba ya hawa tabarma, kuma in aka jingina mutum da shi to zagi ne, ba wasa ba. A can kuwa, binciken da cibiyar Pew ta yi a 2023 ya nuna kashi 97 cikin ɗari na masu ajiye dabbobi a Amurka suna ɗaukarsu a matsayin 'yan gida, kashi 51 ma sun ce matsayinsu ɗaya da sauran mutanen gidan. Malam yana da 'yancin ya ce wannan ya wuce gona da iri, ni ma wani ɓangaren abin yana ba ni mamaki. Amma ba zai yiwu ya ce mutumin da ke kallon karensa haka ya yi nufin wulaƙanta ɗansa ba. Ana wulaƙanci ne da abin da aka raina. Ta yaya za a zagi mutum da abin da ake kuka don an rasa shi?

A 1997 shugaban Amurka na lokacin, Bill Clinton, ya samu kare a fadar White House ya sa masa Buddy, laƙabin wani ƙanin kakarsa da ya rasu a shekarar, mutumin da Clinton ke matuƙar ƙauna, wanda kuma ya shafe rayuwarsa yana horar da karnuka. Babu wanda ya ce shugaban ya zagi dattijon gidansu, kowa ya gane girmamawa ce irin tasu. Steve Irwin, mutumin Ostareliya da yaranmu suka sani a talabijin yana kokawa da kadoji, da aka haifa masa 'ya a 1998 sai ya sa mata Bindi Sue: Bindi sunan wata kada ce da yake ji da ita a gidan namun dajinsu, Sue kuma daga sunan karyarsa Sui, wadda a lokacin tana raye ma. Kada da karya, a kan jaririya guda! Bisa ƙa'idar Malam, wannan yarinya ta gama yawo. Ga ta nan kuwa ta girma, ta yi aure, ta haihu a 2021, tana riƙe da aikin mahaifinta tun bayan rasuwarsa a 2006, da sunan nan duniya ta san ta, kuma ba ta canza shi ba.

Kwatanta wannan da abin da ya faru a Sango-Ota ta jihar Ogun a 2016, inda wani ɗan kasuwa ya sa wa karensa Buhari, sunan shugaban ƙasa na lokacin, ya rubuta sunan a jikin karen. Maƙwabci ya kai ƙara, 'yan sanda suka kama shi, magana ta kai gaban kotu a kan zargin neman tayar da zaune tsaye. Shi ya ce ƙauna ce ta sa, mutanen unguwa suka ce cin fuska ne. Aiki iri ɗaya da na Clinton, amma a ƙasar da ma'anarsa daban. Wannan shi ne abin da nake so Malam ya gani. Ba a sunan matsalar take ba, a kunnen masu ji take. Shi ya sa ni ma da wani zai zo mini a Kano ko Zariya ko Maradi ya ce zai yi haka, zan ce masa kul, domin yaron a cikinmu zai rayu, kuma mun san bakinmu. Amma wa ya zo? A wace unguwa aka yi? Karnukanmu ba su amsa Amina ko Sulaimanu, dawakinmu ma da launinsu muke kiransu, Akawal da Kili da Bidi. Ta ina sunan zai bi ya tsallako? Malam ya tara mu yana buga gangar yaƙi a kan rundunar da ba ta da hanyar zuwa garin.

Akwai wani zato da ke kwance a ƙarƙashin duk maganar tasa, wai suna yana ɗaukar dauɗar wanda ya taɓa amsa shi. To mu gwada wannan a gida. Shekau sunansa Abubakar. Mun daina raɗa Abubakar? Turji sunansa Bello. Akwai wanda ya fasa sa wa ɗansa Bello a Sakkwato saboda shi? Babu, kuma daidai ne, domin mun san sunan ya girme su, ba su isa su ɓata shi ba. To idan sunan da mai kisan jama'a ya amsa bai ƙazantu ba, ta yaya wanda dabbar da ta yi shekara goma sha biyu tana tsare ƙofa, tana wasa da yara, ba ta taɓa cutar kowa ba ta amsa zai ƙazantu? Gaskiya ne wani sunan yakan ƙone, kamar yadda Adolf ya ƙone a Jamus bayan 1945, kamar yadda babu mai sa wa ɗansa Fir'auna. Amma wannan sai sunan ya zama tambarin mugunta a idon duniya baki ɗaya. Karen da mutum goma suka sani a wani lungu na Ohio bai kai wannan matsayi ba.

Allah ya gafarta Malam, sai mu zo kan addini, inda ya fi ɗaga murya ya kuma fi ƙarancin hujja. Da farko dai mafi yawan mutanen da yake magana a kansu ba Musulmi ba ne, ba su kuma nemi fatawa ba. Amma mu ɗauka sun nema. Malamai sun yi bayanin sunayen da aka hana, Ibnul Ƙayyim ya tattara su a Tuhfatul Maudud: sunan da ke nuna bauta ga wanin Allah, sunan da ya keɓanta da Allah, sunan da ma'anarsa ta munana ko take nuna yabon kai. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya canza Asiya mai ma'anar saɓo zuwa Jamila, ya canza Barra zuwa Zainab. A duk waɗannan ma'ana aka duba. Wasu malamai sun karhanta kiran yaro da sunan jinsin dabbar da aka sani da ƙasƙanci, kamar a ce masa Jaki ko Kare, kuma na yarda da su. Sai dai Lucy ba Kare ba ne. Ina babin da ya ce suna mai kyawun ma'ana yana haramta idan wata dabba ta riga amsa shi?

Kuma tarihin da muke alfahari da shi bai ƙyamaci dabba irin yadda Malam ke nunawa ba. Sahabin da ya fi kowa ruwaito hadisi, mutum nawa ne a cikin masu karatun nan za su iya faɗin sunansa na yanka ba tare da sun tsaya tunani ba? Da 'yar kyanwar da yake ɗauka duniya ta san shi, kuma a yau muna raɗa wa 'ya'yanmu Huraira da Abu Huraira muna murna. Usama da Haidar da Laisu duk zaki ne. Dihyatul Kalbi, wanda Mala'ika Jibrilu ke zuwa a cikin kamanninsa, daga ƙabilar Kalb ya fito, haka ma Zaidu ɗan Harisa. Taguwar Manzon Allah tana da suna, Ƙaswa, alfadararsa tana da suna, Duldul. Da tsuntsun wani ƙaramin yaro, ƙanin Anas ɗan Malik, ya mutu yaron ya shiga damuwa, Manzon Allah bai ce masa tsuntsu ne kawai ba, tsayawa ya yi ya tambaye shi labarin tsuntsun cikin raha. Wanda ya san wannan bai kamata ya yi wa mai kukan rashin dabbarsa dariya ba.

Malam ya kuma yi shaguɓen cewa Turawa ba su san darajar suna ba, kowa abin da ya ga dama yake yi. Wata kotu a Faransa ta taɓa hana wasu iyaye sa wa 'yarsu Nutella, sunan wani abin shafa wa burodi, ta ce a kira ta Ella. A 2008 wani alƙali a New Zealand ya sa wata yarinya 'yar shekara tara a ƙarƙashin kulawar kotu don a canza mata wani dogon sunan ban dariya da iyayenta suka liƙa mata. Ma'aunin da suka yi amfani da shi shi ne wanda Malam ya fara da shi: shin sunan zai cutar da yaron? Suna da linzami, a inda cutar take suke ja.

Mu kuwa da muke da Ajuji da Ayashe ai bai kamata a ji bakinmu da wuri ba. Uwar da ta binne 'ya'ya uku a jere ta sa wa na huɗu sunan juji, ta nuna kamar ba ta damu da shi ba, ko mutuwa ta kau da kai. Baƙon da bai san wabi ba zai ce wannan uwa ta tsani ɗanta. Mu mun san tsananin so ne da tsoro. In muna so a yi wa namu wannan uzuri, me ya sa ba za mu yi wa na wasu ba?

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, akwai haɗari na gaske a kusa da wannan magana, Malam ya bi ta gefensa ya wuce yana kallon kare. Haɗarin shi ne a haifi yaro a mayar da shi madadin wanda ya tafi. A ƙauyen Zundert na ƙasar Holan, a harabar cocin da mahaifin wani shahararren mai zane ya yi limanci, akwai wani ɗan ƙaramin dutsen kabari da aka rubuta Vincent van Gogh, 1852. Na wan mai zanen ne da aka haifa babu rai ranar 30 ga Maris. Shekara guda cif bayan haka, ranar 30 ga Maris 1853, aka haifi wanda ya zama shahararren mai zane, aka mayar masa da sunan. Yaro ya tashi gidansu na kusa da cocin, sunansa da ranar haihuwarsa suna haɗe da kabari. Salvador Dalí na Sifaniya shi ma sunan wansa aka ba shi, wanda ya rasu wata tara kafin a haife shi a 1904, kuma da bakinsa ya sha faɗin yadda inuwar mamacin ta bi shi. Yana dab da shekara sittin, a 1963, yana zana hoton wan nan da bai taɓa gani ba. Masana halayyar ɗan Adam sun yi rubutu a kan irin waɗannan yara tun shekarun 1960.

Wannan kuwa ba sai mun je Turai ba. Laifi tudu ne. Kowa ya san safiyar suna a garinmu: an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, an raba goro da dabino, liman ya yi addu'a, maroƙi ya ɗaga murya ya ce an mayar da sunan marigayiya Hajiya. Mata a cikin gida su fashe da kuka da guɗa a haɗe. Daga ranar uwar ba za ta ƙara furta sunan 'yarta ba, sai Ummi ko Mama ko Walida. Abu ne mai kyau, kuma yana da asali, Manzon Allah da kansa ya sa wa ɗansa Ibrahim sunan kakansa Annabi Ibrahim. Amma mu faɗi gaskiya, a wasu gidajen ba suna kaɗai ake mayarwa ba. Yarinya 'yar shekara shida ta yi ƙiriniya irin ta yara, gwaggo ta harare ta: “Mai sunan Hajiya ce ke wannan rawar kai? Hajiya ko tafiyarta ba a ji.” Ta yi dariya da ƙarfi a ce Hajiya ba ta haka. Ta ce boko take so a ce Hajiya tana shekara goma sha huɗu aka kai ta ɗaki. Wanda aka mayar wa sunan wansa da ya rasu yana aji uku, duk sakamakon jarrabawar da ya kawo sai an auna shi da wanda mamacin zai kawo da yana raye, kuma ba a taɓa cin mamaci a gasa.

A nan sunan kare ya fi sauƙin ɗauka nesa ba kusa ba. Babu wanda zai ce wa Lucy ai marigayiya Lucy ta fi ki ladabi, ko ta fi ki ƙoƙari a lissafi. Iyakarta ta ga hoton wata karya a jikin bango, a ce mata ita ma sunanta ke nan, ta yi dariya ko ta ɓata rai na yini guda. Idan iyayen sun sa sunan ne don suna son sunan, babu laifin komai a kansu. Idan kuma sun sa ne don jaririyar ta toshe musu ramin da karyar ta bari, suna kiranta suna tuna wata, to sun yi kuskure, irin kuskuren da gwaggon can take yi, kuma zan faɗa musu haka kamar yadda zan faɗa mata.

Saboda haka ina nan a kan bakana: suna mai kyawun ma'ana ba ya lalacewa don dabba ta amsa shi, kuma mutanen da suka yi haka a ƙasar da ba a jin sa a matsayin zagi ba su tauye haƙƙin kowa ba. Idan Malam yana da aya ko ingantaccen hadisi ko maganar wani malamin fiƙihu da ta ce akasin haka, ya kawo, da lambar shafi. Idan kuma yana da labarin gida ɗaya tak a ƙasar Hausa da aka yanka rago aka raɗa wa jariri sunan karen gidan, ya faɗi garin, kuɗin mota a kaina.